Aron Tautau daga Ɗakin Inna

A duk shekarun da na yi ina aikin ɗakin gwaji, akwai wata Laraba ta farkon damina da ta ƙi fita raina. Ita nake so in ba ku labari, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu. Zan bi shi daki-daki, don ba na son labarin da aka kamo ta wutsiya.

Da farko, matsayina. A lokacin ni ne babban mataimaki a wani ɗakin binciken halittu a Kalgo. Babban mataimaki ba malami ba ne, ba kuma masinja ba. Shi ke riƙe mabuɗi, shi ke wanke kwalabe da haɗa ruwan gwaji, shi ke ciyar da halittun da ake nazari, kuma shi ke hana mutane shigowa da takalmi. Sama da ni akwai Dakta Rifkatu, mutuniyar Zuru, mai binciken jijiyoyin ƙwari. Sai Manu direbanmu, mutumin Dodoru, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu.

Na biyu, aikin kansa. Tautau, wato babban gizo-gizon nan da ke manne da bango, ba shi da kunne irin namu. Da ƙafa yake ji. A jikin ƙafar akwai wasu tsage ƙanana da ido ba ya gani. In kyankyaso ya taka bango, bangon ya ɗan motsa, sai tsagen su matse. Ƙarƙashinsu akwai ƙwayoyin jijiya, su ke aika saƙo cewa abinci na tafe. Abin da Dakta ke bibiya shi ne kalsiyam, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da nono da alli. Duk sanda ƙwayar jijiya ta aika saƙo, wasu ƙofofi a jikinta sukan buɗe, kalsiyam ya kwarara ciki. Akwai wani rini da ake ɗura wa ƙwayar da allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta. In kalsiyam ya shigo, rinin ya ƙara haske, a gan shi kore a fuskar kwamfuta ta cikin madubin ƙara girma. Madubin nan na aro ne, kuma masu shi sun ce ƙarshen wata za su aiko a ɗauka.

Aikin mataki biyu ne. Na farko, a ɗora tautau sukutum a kan faranti, a girgiza farantin kaɗan, a ɗauki hoton yadda yake zabura, a sake shi. Wannan na san shi ciki da waje. Na biyu, wato na rini, ba mu kai gare shi ba, don duk waɗanda muka kamo a Kalgo da Dangoma ƙanana ne, allura ba ta samun ƙwayarsu. Manya sun yi wuya tun da mutane suka koyi yayyafa fiya-fiya a ɗakuna. Wata na tafiya, Dakta tana ramewa.

Na uku, Inna. Ita ce surukata, mahaifiyar maiɗakina Hajara, tana zaune a Dalijan. Da yake Hajara 'yar farinta ce, Inna ba ta faɗin sunana, Na-Gwandu take ce mini. Ni kuma tun a zaure nake cire takalmi, in durƙusa a bakin ƙofarta, ban taɓa tsallake dokin ƙofar ba tun da na yi aure. Inna tana da surukai masu hali. Wani ɗan kasuwa ne, buhun shinkafa yake saukewa duk salla. Ni ba ni da buhu. Abin da nake da shi a gidan magana ɗaya ce da Inna kan faɗa a gaban kowa: "Na-Gwandu in ya ce, to ya ce." Ita ce jarina, ita ce rawanina.

To, daga inda nake durƙusawa, na sha hango wata macen tautau a bango bayan randar Inna, faɗinta ya kusa tafin hannu. Inna ba ta bari a taɓa ta. Ta ce ita ke share mata kyankyasai, kuma ba a kashe dangin wadda ta yi saƙa a bakin kogo ranar Hijira. Har suna ta sa mata, Maƙwabciya.

Ranar Larabar da sassafe na sa Manu ya kai ni Dalijan. Bayan gaisuwa, da gaisuwar gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni.

Inna ta ce, "Mi za ku yi da ita?"

Na ce, "Bisa faranti za a ɗora ta, Inna, a girgiza kaɗan, a ɗauki hotonta."

"Hoto? Ni mai ɗakin ba a ɗauke ni ba, sai ita?" Sannan ta ce, "To ji nan. Aro na ba ka, ba kyauta ba. Yadda ta hita ɗakin ga, haka za ta komo."

Na ce, "Da yardar Allah, Inna, ko gashi guda ba zai ragu a jikinta ba."

Da kanta ta koro Maƙwabciya da faifai, a hankali, tana yi mata magana kamar wadda za a kai asibiti, har ta shiga robar da na huda wa murfi na sa auduga mai laima. A hanya robar na kan cinyata. Na hana Manu kunna rediyo, na hana shi faɗa wa rami.

Ya ce, "Malam Haliru, ko amarya na ɗauko ban taɓa tafiyar hawainiya irin wannan ba."

Na ce, "Amarya ba aro ba ce. Dubi gabanka."

Mun isa Kalgo dab da azahar. Dakta ta leƙa robar, ta dafe ƙirji, ta ce, "Malam Haliru, wannan ai sarauniya ce! Allah Ya biya ka." Ina shirin buɗe baki sai aka kira salla. Tsarina kuwa tun da na fara aiki shi ne a ajiye kaya, a yi salla, sannan a ba da rahoto a natse. Na ajiye, na tafi masallaci.

Da na dawo, na tarar an ja labule, ɗaki ya yi duhu. Teburin gwaji, wanda muka ɗora bisa yashi da tsofaffin tayoyin babur don kada motsin ƙasa ya kai gare shi, an kunna komai a kansa. Dakta ta yafito ni, tana raɗa.

"Zo ka gani. Zo a hankali."

Na je a hankali. A fuskar kwamfuta ga wani abu kamar ƙwayar wake, kore-kore. Ta taɓa wani maɓalli, wani ɗan tsinke ya dunguri wata tsaga, sai koren nan ya ƙara haske kamar an hura garwashi. Ta bari, ya lafa. Ta sake, ya sake tashi. Ba zan ɓoye muku ba, tsigar jikina ta tashi. Shekaru ina jin kalsiyam, kalsiyam, ranar na gan shi yana shiga.

Sai na tambaya, "Dakta, ina ita tautau ɗin?"

"Tana cikin robarta, lafiyarta lau."

"To mene ne wannan a ƙarƙashin madubi?"

"Ƙafarta mana."

Na ɗauki robar na kai bakin taga, na ɗaga labule. Na ƙirga daga dama, bakwai. Na ƙirga daga hagu, ko lissafi zai sake shawara, bakwai.

A nan ya kamata in yi wa baƙin aikin bayani. Mataki na biyu ba ya yiwuwa da tautau sukutum, don ba za ta tsaya ba. Akan matse gindin ƙafa ɗaya da matsefata, ita da kanta sai ta saki ƙafar, yadda take yi in ƙadangare ya cafke ta, wurin ya rufe ba tare da ta zubar da ruwan jiki ba. Ƙafar ake buɗewa, a sa a ruwan gishiri, ƙwayoyin jijiyar su ci gaba da aiki na 'yan sa'o'i. Haka ake yi ko'ina, kuma dabbar tana rayuwa. Dakta ta ɗauka na sani. Ni kuma faranti na sani.

Da na faɗa mata sharaɗin Inna, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni! Malam Haliru, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Rahoto bayan salla yake zuwa, Dakta."

Manu, da ke tsaye a ƙofa ba takalmi, ya ce shi yana da shawara. Wai a nemo gam a liƙa. Na ce ƙafar an riga an tsaga ta. Wai to a nemo wata mai takwas a musanya. Na ce da akwai wata, da mun je Dalijan? Wai to a mayar da ita haka, tsohuwa ce, ba za ta lura ba.

Na ce, "Innar da ke tsince tsakuwa cikin shinkafa da magariba?"

Ya ce, "To ka ce mata rami muka faɗa."

"Wane rami? Ai ban bar ka ka faɗa ko ɗaya ba."

Dakta ta ce, "Ni na cire, ni zan je in faɗa da bakina. Amma ku bar ni in gama. In ƙafar nan ta mutu ban auna komai ba, asara ta zama biyu."

Gaskiya ta faɗa. Na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofa, na hana kowa wucewa ta barandar har la'asar sakaliya. Wani malami ya zo da tari, na mayar da shi ya je ya yi a ofishinsa. Kafin ƙwayoyin su mutu, Dakta ta samu abin da ta yi wata da watanni tana nema. Ni kuwa na koma gida na faɗa wa Hajara, ina neman ta shige mini gaba. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta share hawaye, ta ce ita ba ta cikin aron, kada a sa ta cikin biya.

Washegari muka koma Dalijan mu uku. Dakta ta yafa gyale, ta riƙo goro da sabulu da kwamfutarta. Na durƙusa a inda na saba, na tura robar ciki. Inna ta buɗe murfi. Ta daɗe tana kallo.

"Na-Gwandu."

"Na'am, Inna."

"Ni ban yi boko ba. Jiya da ƙahwa nawa ta tahi?"

"Takwas, Inna."

"Yau hwa?"

"Bakwai."

"To madalla. Ashe lissahinku da namu guda na."

Dakta ta shiga ɗakin, da yake ita mace ce, ta durƙusa kusa da tabarma. Ta ce, "Mama, ni ce mai laifi. Ni na cire, ban san da sharaɗinki ba. Shi yana masallaci."

Inna ta ce, "Ke wa kika yi wa alkawari? Ni ban san ki ba sai yau. Mi kunka yi da ƙahwar? Miya?"

Dakta ta buɗe kwamfuta ta nuna mata hoton da ta ɗauka mai motsi. Daga bakin ƙofa ina ganin koren hasken yana tashi yana lafawa a fuskar Inna.

"Wanga hasken hwa?"

"Jinta ne, Mama. Duk sanda aka taɓa ƙafar, wani abu kamar alli narkakke yakan shiga jijiyar, shi ne ke haskawa. Da haka take sanin kyankyaso na tafe tun bai iso ba."

"Ƙahwar da anka cire, ita ka ji haka?"

"Ita ce, Mama."

Inna ta ce, "Ikon Allah." Ta matso da fuskarta. "Shi ya sa ko na yi sanɗa sai ta ɓuya."

Dakta ta samu mai saurare, ta manta da laifi ta zo. Ta ce, "Dubi nan kuma, Mama, wannan shi ne abin da nake nema. In aka yi ta taɓawa ba hutu, abin nan ya taru a ciki, sai shi da kansa ya rage mata ji. Taɓawar da ɗazu ta sa ta zabura, yanzu da ƙyar take amsawa."

"Wato in an dame ta da yawa sai ta toshe kunne?"

"Kamar haka, Mama."

"To ki ɗaga murya wanga na bakin ƙohwa shi ji. Ɗiyata ta ce kullum sahe sai ya maimaita ma yara wurin aje buta, har sun bar jin shi."

Na ji Manu a zaure ya shaƙe, sannan na ji ya fita da gudu. Bayan mota ya je ya ƙarasa dariyarsa. Ni dai kaina na ƙasa.

Sai Dakta ta kawo magana mai ɗan sanyi. Ta ce jiya ta duba cikin Maƙwabciya da gilashi, alamu sun nuna duk girman nan nata ba ta gama girma ba. Tautau yana saɓa kamar maciji, kuma in da sauran saɓa a gaba, sabuwar ƙafa takan fito. In kuwa ta riga ta yi ta ƙarshe, to haka za ta ƙare rayuwarta.

Inna ta ce, "Sani ko tsammani?"

"Tsammani, Mama."

"Kin hi shi. Shi har gashi ya ƙirga mini."

Daga nan ta yanke hukunci. Ta ce ba ta karɓa ba. Abin da ta bayar ƙafa takwas gare shi, wannan kuwa bakwai. Maƙwabciya za ta koma bayan randa don nan ne gidanta, amma har yanzu aro take a hannuna, kuma tun da gurguwa ba ta farauta kamar mai lafiya, cinta na wuyana. Ta karɓi goron Dakta, ta sa mata albarka. Da muka tashi tafiya ta ce, "A sauka lahiya, Mai Bakwai."

Daga ranar ta daina ce mini Na-Gwandu.

Ku da kuke dariya, ku sani suna a ƙauye ya fi wutar daji gudu. Duk Asabar sai in cika kwalba da gyare da kyankyasai in shiga motar haya. Wata rana gyaren suka fara kuka daga cikin aljihuna, wata mata ta ce a tsaya, injin mota ya lalace. A wani bikin suna na dangi, surukin nan mai buhun shinkafa ya miƙo mini hannu a gaban jama'a, ya ce, "A'a, Mai Bakwai! Ya kiwo? Ya dabbobi?" Na ce lafiya lau. Me zan ce? Magana ce na faɗa, ta faɗi ƙasa, kowa ya ga inda ta faɗi.

Ƙarshen wata ya zo, aka ɗauke madubi. Dakta ta koma rubuta sakamakonta, ta ma fara ƙiba. Ni ina nan ina kai gyare. Sai wata Asabar Inna ta ce na makon jiya ma ba a ci ba, Maƙwabciya ta lafe wuri ɗaya ba ta motsi. Na kira Dakta a waya daga zaure. Ta ce, "In za su saɓa sukan daina ci."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ce, "In za su mutu ma sukan daina."

Asabar ta gaba na durƙusa, na yi gaisuwa. Sai Inna ta turo faifai bakin ƙofa. A kansa ga Maƙwabciya a kwance, busasshiya, ƙafafu a tanƙware, iska na motsa ta. Na yi salati. Sannan, tun da komai yana da tsari, na fara ba da haƙuri. Na ce rai na Allah ne. Na ce na san zaman da suka yi tare. Na ce duk abin da ta ga ya dace a yi mini, na ɗauka. Inna ta bar ni na kai aya.

Sannan ta ce, "Ka ƙare? Riga ce kake yi wa ta'aziyya. Mai rigar tana ciki. Shigo ka duba bayan randa."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "In shigo, Inna?"

"Daga nan za ka ƙirga?"

Ranar na fara tsallake dokin ƙofar surukata. Na shiga a sunkuye, ban dubi gado ba, ban dubi jere ba, randa kawai na nufa. Ga ta a bango, ta ƙara girma, jikinta sabo fes. Na ƙirga a hankali. A inda babu, ga wata ƙafa ta fito, fara-fara, siririya, ba ta kai tsawon sauran ba.

Daga bayana Inna ta ce, "Nawa?"

Na ce, "Takwas, Inna." Na ƙara da cewa, "Amma guda ba ta kai 'yan'uwanta ba. Gajera ce, kuma siririya."

Ta ce, "Na gani tun shekaranjiya. So nike in ji ko za ka hwaɗa." Ta jawo faifanta. "Na karɓa. Tashi ka hita mini ɗaki, Na-Gwandu, kahin mutane su gani."

Na fita da baya-baya, na buga kai a saman ƙofa, ban ko ji zafi ba.

Abin da na koya ke nan. Mu a ɗakin gwaji, duk abin da ya shigo cikin roba sunansa samfur, mu liƙa masa lamba. Amma a inda aka ɗauko shi yana da gida, yana da mai shi, wani lokaci har suna gare shi. Mutanen ƙauyukan nan ba sa hana mu, kuma in ka zauna ka nuna musu abin da ka gani, sun fi wasu ɗalibai saurare. Abin da ba sa yafewa da sauƙi shi ne baki ya riga sani. Masu bincike su ma ba mugaye ba ne, gaggawa ce ke cin su, kuma sun ɗauka abin da ke kansu yana kan kowa. Mataimaki shi ke tsakiya, shi ke ɗaukar magana daga wannan ƙofa zuwa waccan. Saboda haka sharaɗi a faɗe shi tun kaya na hannu, kafin a ajiye. Kuma kafin ɗayanku ya dubi mai abu ya ce ba abin da zai same shi, ya fara zuwa ya tambayi Dakta wace gaɓa take so.